Hayaƙin Gidan Nagoda Ranar Kirsimeti

Tudun Wada, Zariya
3 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Rauda,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Chidubem, da aikin asibiti. Ki gaishe shi, ki ce masa har yanzu ban yafe masa ƙwace mini amarya da ya yi ya kai ta Legas ba, amma tun da na ji yana kula da ke na ɗan sassauta.

Ni lafiyata ƙalau, gwargwadon shekaru. Gwiwar hagu ce ke gardama da safe, sai rana ta ɗaga mu shirya. Kunne kuwa ya tafi hutu, bai faɗi ranar dawowa ba. Saboda haka ki daina wahalar kirana a wayar nan da kika saya mini. Ina ganin sunanki yana haske, in kara ta a kunne, sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Ki rubuto. Pius yana zuwa Legas sarin kayan shagonsa na unguwar Kwangila, ya ce ba nauyi ba ne ya kai ya kawo. Matarsa Gladys ta ce in ba ta takardar ta ɗauki hotonta ta tura miki nan take. Na ƙi. Mu da aka koya wa rubutu a Wusasa da alƙalamin tsomawa a tawada, wasiƙar da ba ta shiga ambulan ba sanarwa ce a wurinmu.

Ina gode wa Allah kullum. Ina da ɗakina, ina da hantsi a baranda, lemun tsamin da kakarki ta dasa ya yi 'ya'ya har yana zubarwa. Kujerarta tana nan inda ta bar ta. Wani lokaci nakan yi karatun safe da ƙarfi, in ɗaga kai ina jira ta ce na cika sauri. Sai in tuna. Ba kuka nake kawo miki ba, labari ne.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Pius ya isar mini da saƙonki, wai in zo Legas in yi Kirsimeti, in ya yi mini daɗi kuma in zauna. Na gode. Ba zan zo ba.

Kin san al'adar gidan nan. Tun shekarar da aka turo ni koyarwa Tudun Wada, muka shigo layin nan mu kaɗai ne Kirista, ba a taɓa yin Kirsimetin da shinkafar kakarki Afiniki ba ta shiga kowane gida ba. Maƙwabcina Malam Kailani ya yanka mana akuya da hannunsa don kowa ya ci hankalinsa kwance, mu tafi sujada Wusasa, mu dawo, kwanuka su fita. Har shekarar da gari ya rikice, mutane na rufe ƙofa tun la'asar, kwanukan nan sun fita. Mace ɗaya, da hannunta biyu, ta ciyar da layi guda shekara da shekaru. In akwai abin da nake ɗaga kai da shi a duniya, to shi ne wannan.

Tun da muka binne ta bayan Ista, shigowa kawai kwano yake yi gidan nan. Hajiya Gwaggo, uwargidan Malam Kailani, ba ta taɓa fashin aiko mini tuwo ba. Gidan Alhaji Junaidu kuma kunu. Ina ci, ina godiya, in wanke kwanon in mayar da shi wayam. Rauda, in aka ci gaba a haka, gidan nan ya zama ɗakin jinya ke nan. Rana ɗaya ce tawa a shekara, ba kuwa zan bar ta ba.

Na sayi taure tun damina, yana ɗaure a gindin lemo, ya yi ƙiba har ya fara raina ni. Abu ɗaya nake nema a wurinki: ki rubuto mini yadda kakarki take haɗa miyar nan, dalla-dalla. Ni zan dafa. Kada ki yi dariya. Mutumin da ya riƙe makaranta guda da malamanta ba tukunya ce za ta gagare shi ba.

Ni ne kakanki,
Barnaba Nagoda


Legas
13 ga Nuwamba

Zuwa ga tsohon angona,

Baba, ina gaishe ka da kyau. Ya ƙarfin jiki? Ya kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai aiki da cunkoson hanya. Chidubem ya ce in gaya maka amarya tana nan, in kana ji da ƙarfi ka zo ka karɓe ta da kanka, shi zai je tasha ya ɗauko ka.

Ka ce kada in yi dariya. Na yi. Na yi har Chidubem ya fito daga wanka yana tambaya. Daga baya kuma na shiga ɗaki na yi abin da ba dariya ba.

Baba, kai ne za ka dafa? Kai da ko ruwan shayi za ka ɗora sai ka tambayi Kaka inda ashana take? Ka ba ni labarin gwiwa da kunne, amma ka tsallake sanda. Pius ya ce yanzu da sanda kake tafiya, ya ce rigunanka sun yi maka yawa. Ni nas ce, na san irin tsofaffin da ake kawo mana da ƙuna, kuma duk cikinsu babu wanda bai ce ai shi ya iya ba. Ga itace, ga babbar tukunya, ga ƙafarka, ba kowa a gidan. In ka faɗi wa zai ji? Ku ne kuka rene ni tun mahaifina Baba Habila ya rasu. Kaka ta tafi. Kai kaɗai ka rage mini, ba zan bari ka ƙare a bakin murhu saboda shinkafa ba.

Maganar miya kuwa, gaskiya ban san haɗinta ba. Ni aikina kai kwano ne da satar nama a hanya. Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Ai Gwaggo tana nan. Ka yi mata magana mana.

Ga tawa, ka ji ta da kyau tun da a rubuce take, ba ruwan kunne. Mun gyara maka ɗaki, tagarsa tana kallon gabas, za ka sami hantsinka. Akwai coci kusa da mu da ake sujada da Hausa. In makon Kirsimeti ya kama ban ji an yi shirin da hankalina zai kwanta ba, Pius zai kama maka kujera a mota, ka taho, kuma ba dawowa. Ba rashin kunya nake maka ba, Baba. Tsoro nake ji.

Ka sha maganin hawan jininka da safe, ba sai ka tuna ba.

Amaryarka mai taurin kai irin naka,
Rauda


Tudun Wada, Zariya
22 ga Nuwamba

Rauda,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Na sami wasiƙarki. Jiki da sauƙi. Sandar da Pius ya kai miki rahoto ta ado ce, mutanen kirki duk suna riƙewa. Rubutunki ya lalace tun da kika fara zama da likitoci, amma na karanta.

Na karanta har inda kika ce, “Ai Gwaggo tana nan.” Nan na ajiye takardar na fita na duba taure. Watau shawararki ita ce matar da take ciyar da ni tun Ista, ita zan ce ta zo ta dafa abincin da zan aika mata? In ba ta kyautar da ta fito daga hannunta? Ban yi zaton jin haka daga yarinyar da ta tashi a gidan nan ba.

Abin mamaki, kamar kun haɗa baki. Kin tuna 'yar ƙofar nan ta jikin katangar da ke tsakaninmu da su? Shekaranjiya ina ba taure dusa sai na ga ta buɗe. Hajiya ce tsaye, ta ɗaga murya yadda zan ji.

Ta ce, “Malam, an tashi lafiya? Bana yaushe za a kai markaɗe? Kada a bari sai injin ya cika da mutane.”

Na ce, “Hajiya, bana ki huta. Ɗawainiyar da kike yi da ni ta isa, Allah ya saka. Gidan nan bai taɓa neman hannun wani a shinkafar Kirsimeti ba, ba kuwa a kaina za a fara ba.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Haka ne, Malam?”

Na ce, “Haka ne.”

Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ta ja ƙofa.

Na san na burge ta. Mutum yana son ya ga maƙwabcinsa tsaye da ƙafarsa.

Kashegari ɗan banzan tauren nan ya tsinke igiya, ya tura 'yar ƙofar da ka, ya shiga gidansu, ya cinye zogalen Hajiya, ya zubar mata da kuɓewar da ta shanya. Kunya ta ishe ni. Na kira Salmanu kafinta ya gicciya katako ya buge ƙofar da ƙusa. Da ma tun da kakarki ba ta nan ba mai bi ta wurin, in ban da iska.

Tuwo yana zuwa kamar kullum, ta ƙofar waje. Da can yakan zo da saƙo, ko “a ci da zafi” ko “ya gwiwa”. Kwana biyun nan shiru yake zuwa, ina jin aiki ne ya yi mata yawa. Jiya da la'asar ina zaune da Malam Kailani a zaurensa na ba shi labarin shirina duka. Ya juya carbinsa, ya girgiza kai, ya ce, “Nagoda, kai dai hedimasta ne har gobe.” Kin ji mutumin da ya san darajar mutane.

Sharaɗinki na karɓa, don ban saba gudun jarrabawa ba. In Kirsimeti ta zo hayaƙi bai tashi a gidan nan ba, kwano bai fita ba, zan rufe ƙofa in ba Malam Kailani mabuɗi in taho, ba za ki ji gardama daga bakina ba. In kuwa ya tashi, kada in sake jin sunan Legas sai a labarai. Wanda ya ciyar da ni tun ina yawo ba takalmi bai gaji ba tukuna.

Ki tuno miyar nan. Ko abu biyu kika tuna, ni zan cike sauran da hankali.

Kakanki,
B. Nagoda


Tudun Wada, Zariya
17 ga Disamba

Rauda,

Ina gaishe ku. Ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. Pius bai dawo ba, an ce kayansa ne ba su fito ba. Ko yana riƙe da amsarki, ko babu amsar, ban sani ba. Wayar tana haske, ina ganin sunanki, ina kallo har ta mutu. In fushi kike yi, kin iya, don a wurin kakarki kika koya.

Za ki ga wannan ta zo miki ba ambulan. Na ba Gladys ta ɗauki hotonta. Daga nan kin san inda na kai.

Na yi gwaji a ƙaramar tukunya. Sama ɗanya, ƙasa gawayi, tsakiya kunu. Na zuba wa taure, ya sansana, ya dube ni, ya juya baya. Na sake gwadawa, ƙauri ya kai har gidan Alhaji Junaidu, suka aiko tambaya ko gobara ce. Daga gidan Malam Kailani ba wanda ya leƙo.

Ranar Litinin na shiga ɗakin ajiya in jawo babbar tukunyar kakarki. Ko gezau ba ta yi ba. Ni ne na motsa, na sami kaina a ƙasa. Ban ji ciwo ba, kada ki tayar da hankalin kowa. Amma na daɗe zaune a wurin, ni da tukunya muna kallon juna, kafin gwiwa ta yarda in tashi. Ina ta tunanin yadda mace 'yar firit kamar Afiniki take ɗaga wannan abu ita kaɗai. Lallai Allah ya ba ta ƙarfin da ban sani ba.

A wurin na yi addu'a. Na ce, Ubangiji, ka ba ni shekaru masu yawa na bayarwa, ban roƙe su ba ka ba ni. In ka ce sun isa, sun isa, na gode. Bakina ya faɗi haka. Zuciyata tana biye, a hankali, kamar gwiwar.

Kin ci jarrabawa. In Pius ya dawo ya kama kujerar. Tauren zan ba Malam Kailani ya yanka ya raba ɗanye. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ban san da wane baki zan faɗa ba. Lemon nan yana son ruwa ko da rani, ban san wa zan bar wa ba.

Kakanki


Legas
18 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka, kuma ba fushi nake yi ba. Amsata tana cikin jakar Pius tun ranar da na karanta labarin ƙofa, Pius kuma yana nan yana jiran kaya. Na ƙi aikowa ta waya ne don na san ba ka so. Tun da kai ka fara karya dokarka, na turo wa Gladys wannan ta kai shagon kwamfuta a unguwar Kongo a buga maka a takarda. In ta karanta ma ta karanta.

Baba, tambaya ɗaya zan yi maka, irin wadda kake yi wa 'yan aji.

Ranar Kirsimeti da safe, ina Kaka take? Tana Wusasa, a sahun zumuntar mata, da zanenta sabo, tana buga tulu. Ni ina gefenta. Kai kana gaba kana karatu. A tashi, a tsaya gaishe-gaishe har rana ta take. Mu dawo gida mu tarar shinkafa ta nuna, nama ya soyu, miya tana ƙamshi, wuta ba ta mutu ba.

Wa kake tsammani yake iza wutar nan? Mala'iku?

Da ƙarar babur ɗinka ta bar layi, Gwaggo take shigowa ta 'yar ƙofar. Kaka ta wanke shinkafa ta yanka albasa, su biyu su kama babbar tukunyar su ɗora, sannan ni da Kaka mu biyo ka Wusasa, sauran duk na Gwaggo ne. Miyar da kake nema, hannunta ce. Ranar Sallah kuma, in sun tafi Idi, Kaka ce ke zama da tukwanensu. Kana cewa ta shiga yi musu barka da Sallah ta daɗe, ko ba haka ba? Saboda wannan suka sa aka fasa katangar tun ba a haife ni ba. Ba wanda ya ɓoye maka. Na ɗauka ka sani, shi ya sa na ce Gwaggo tana nan. Na taɓa tambayar Kaka ko ka sani, ta ce, “Bar shi, hedimasta ne, sakamako kawai yake dubawa.”

Ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba, Baba. Gwaggo ce ta zauna da ita a asibiti tana mata fifita. Ta zo ta tambaye ka markaɗe don ta yi wa ƙawarta aikin da ta saba, ka ce mata gidanka bai taɓa neman hannun wani ba. Kashegari ta ji ana buga ƙusa.

Na kira ta. Ta ce ba komai. Ka san in Gwaggo ta ce ba komai. Surukarta Hanan ce ta gaya mini tun lokacin girbi Gwaggo ta shanya tattasan bana, yana nan ƙulle a buhu ba ta bari a taɓa.

Zan gaya maka gaskiya. Da na karanta “kin ci jarrabawa” na yi murna. Da na yi shiru, da ka kusa shiga mota, ba abin da nake so ya wuce haka. Na kwana da abin, na ga ba zan iya ɗauko ka ta wannan hanya ba. Ba haka kuka rene ni ba.

Kujerar mota tana nan. Ƙofar ma tana nan. Ka zaɓa.

Rauda


Tudun Wada, Zariya
28 ga Disamba

Zuwa ga amaryata Rauda,

Barka da Kirsimeti, barka da ganin ƙarshen shekara. Yabo ya tabbata ga Allah wanda ya kawo mu. Ki gaishe da ɓarawon amarya. Pius ya dawo, ya kawo mini tsohuwar wasiƙarki, na ce masa da kunkuru na aika da ya riga shi. Lafiyata ƙalau. Gwiwa ta sha aiki, tana ƙorafi, ban kula ta ba.

Tambayarki na karanta ta a baranda. Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa cin karo da tambaya mai sauƙi da ta kayar da ni irin wannan ba. Na juya na dubi kujerar kakarki. Na rantse miki kamar na ji tana dariya.

Ban kira Salmanu ba. Bakin da ya ce a buga, hannunsa ya kamata ya cire. Na ɗauko guduma na jawo kujera na zauna gaban ƙofar. Salmanu mugun ma'aikaci ne, ƙusarsa ba ta san wasa ba. Hantsi ya wuce ina fama. Da katakon ya faɗi na tura ƙofar, sai ga Hajiya zaune a tabarma dab da wurin, tana tsintar wake. Ashe tun bugun farko take nan tana saurare.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Wane ne ke fasa mana katanga da rana tsaka?”

Na ce, “Ni ne, Hajiya. Ɗalibi ne ya zo neman aji.”

Ta ce, “Aji ya cika.”

Kin san dole ta ɗaga murya saboda kunnena, don haka duk layin ya ji yadda aka yi da ni, har masu wucewa.

Ta ce, “Ba kai ne gidanka bai taɓa neman hannun wani ba?”

Na ce, “Gaskiya na faɗa, Hajiya. Ban taɓa nema ba, shi ya sa ban san ana ba ni ba. Yau dai na zo nema.”

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tsaya da guduma a hannu, ban san inda zan sa idona ba. Can ta share fuska ta ce, “A asibiti Afiniki ta kama hannuna ta ce, Gwaggo, kome za a yi kada ki bar tsohon nan ya taɓa tukunya, zai kashe mutanen layi. Da na ji ƙauri ranar nan na ce, Afiniki, ki yafe mini, ya fi ƙarfina.”

Na ce zan aika kasuwa a sayo tattasai. Ta ce in rufa mata asiri.

Ranar jajibere Malam Kailani ya shigo da wuƙarsa. Hannunsa yana ɗan rawa yanzu in zai sha shayi, amma da ya yi bisimilla ya kama tauren, hannun ya tsaya cak. Ana fiɗa na ce masa, “Malam, kai ma ka san da maganar nan?” Ya ce, “Nagoda, a layin nan har akuyoyi sun sani.” Na ce to me ya hana shi gaya mini? Ya ce shi ɗalibi ba ya gyara wa hedimasta.

Da safe Pius ya kai ni Wusasa a motarsa. Na saka babbar rigata, wadda Pius ya ce miki ta yi mini yawa. An ba ni karatu, na yi a tsaye, sanda tana jingine. Na dubi sahun mata, wata ce riƙe da tulun kakarki, tana bugawa da kyau. Da aka zo addu'ar godiya na sa sunan Hajiya Gwaggo a cikin zuciyata tare da na Afiniki. Bashin godiyar ya daɗe, amma Mai karɓa ba ya duba latti.

Da muka dawo na ce wa Pius ya sauke ni a bakin layi. Ya ce, “Baba, ƙafarka fa?” Na ce ya sauke ni. Rauda, daga nan na hango shi. Hayaƙi yana tashi daga gidana, fari, miƙe, ya wuce kan lemo. Duk shekara ina ganinsa daga wannan wuri, in ce a raina, matata ta iya. Bana na tsaya na kalle shi sosai. Na taka har gida da ƙafata, duk wanda na wuce yana ce mini, “Malam, barka da shan biki,” ni kuwa ina amsawa kamar hakimi.

Kwanuka sun fita. Duka. Ba gidan da aka tsallake. Gladys da Hanan suka zuba, ni na zauna ina faɗin wanne za a kai ina, don wannan dai na iya. Na farko ni na ɗauka da hannuna, na bi ta 'yar ƙofar na kai wa Hajiya.

Ta ce, “Malam, ni na dafa fa.”

Na ce, “Ke kika dafa, gidana ya bayar. Karɓi.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta ɗanɗana kamar ba ta san abin da ke ciki ba. Ta ce, “Ta bara ta fi.” Na ce, “Ta fi.” Sai ta ce in tafi in ci tawa kafin ta huce.

Ga soyayyen nama nan a leda cikin jakar Pius, in ya iso da saura. Rabonki ne, ba sai kin sata ba.

Hayaƙi ya tashi, kwano ya fita. Na san za ki ce ba ni na dafa ba. Ki koma ki karanta sharaɗin, ba a ambaci mai dafawa ba. Ɗakin nan mai taga gabas ku ajiye wa baƙon da nake roƙa muku wurin Allah, ya fi ni buƙatar hantsi.

Ko da ma ina so, yanzu ba ni da halin tafiya, don na sami aiki. Jiya Hajiya ta leƙo ta ce azumi ya kusa, Sallah tana biye, kuma bana ba ta da mai zama da tukwanenta in sun tafi Idi. Na ce ga ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta ɗauke ni, bisa sharaɗi: in zauna, in iza wuta, kada in kuskura in taɓa ludayi.

Na riƙe makaranta, na yi karatu gaban jama'a, an kira sunana a taro. Ban tuna muƙamin da ya faranta mini rai kamar wannan ba. Tun yau da safe na fara gwaji a murhun gida. Ga shi la'asar ta yi, wutar ba ta mutu ba.

Ni ne kakanki mai godiya,
Barnaba Nagoda